Ɗigo Huɗu a Kwanon Moss

Penrith, 9 ga Oktoba, 1994

Hester jikata,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da uwarki, can Totnes. Ni dai da sauƙi. Bayan faɗuwar da na yi likitoci sun sa min ƙarfe a ƙugu sun ɗinke, yanzu ina takawa daga gado zuwa taga da wani abin dogarawa mai ƙafa huɗu, kamar ɗan maraƙin da aka haifa jiya. Gidan tsofaffin da suka ajiye ni ba laifi, sai dai shayinsu ruwan zafi ne da aka nuna wa ganye daga nesa.

Ki yi haƙuri da rubutuna. Ina shekara goma sha ɗaya ubana ya cire ni daga makaranta ya miƙa min sandar kiwo, yau shekara sittin da takwas ke nan, alƙalami bai saba da hannuna ba.

Na ce miki jikata ko da yake sau uku kacal muka taɓa haɗuwa, biyu a wajen jana'iza. Kakanki Edwin ɗan baffana ne. Tare muka tono tumaki arba'in da ɗaya daga cikin dusar ƙanƙara a hunturun 1947, shi yana kuka, ni ina zaginsa. Saboda haka ina da ikon kiranki abin da na ga dama.

Maƙwabcina Ralph Coulthard ya zo duba ni. Ya ce ya riƙe karena Moss mako biyu, karnukansa suka ƙi shi, da ya rasa yadda zai yi ya ga lambarki a jikin katin Kirsimeti da ke kan murhuna ya buga miki waya, ke kuma kika tuƙo mota tun daga kudu kika ɗauke shi. Na gode. Duk dangi ke kaɗai kika motsa.

To ki saurara. Moss karen aiki ne. Sau ɗaya yake ci a rana, da yamma. A waje yake kwana, bai taɓa taka ɗakin girki ba. Ba a shafa shi, ba a yi masa maganar jarirai. Kuma aro na ba ki, ba kyauta ba. Kafin tumaki su fara haihuwa a watan Afirilu zan koma gona, ina son in same shi yadda na bar shi.

Ki rubuto min yadda yake.

Kakanki,
Joss Tallentire


Totnes, 17 ga Oktoba

Kaka Joss,

Na ga wasiƙarka, na ji daɗi da ka fara takawa. Mama na gaishe ka, ta ce har yau ba ta manta ranar da ka kore ta daga kan katangarka da sanda ba. Mu lafiya lau muke.

Moss ne ba lafiya lau ba. Ranar da na sauke shi daga mota ya zagaya lambu sau ɗaya, ya je bakin ƙofar shinge ya kwanta a kan ƙirjinsa, haɓa a ƙasa, ido a buɗe. Can yake har yanzu. Ruwan sama ya dake shi bai motsa ba. Na kira, na roƙa, na kaɗa kwano. In ya tashi biyan buƙata sai ya dawo daidai wurin, har ciyawar ta mutu a ƙarƙashinsa. Abinci loma biyu yake ci, shi ma sai na kai masa gaban hanci na juya baya.

Na kai shi wurin likitan dabbobi. Ya duba haƙora, ya ɗibi jini, ya ce, “Jikinsa garau. Kewa ce, ki ba shi lokaci.”

Ban sani ba ko an taɓa faɗa maka sana'ata. Ruwan furanni nake haɗawa, ina sayarwa a kasuwar Juma'a, yawanci don dawakai da kyanwoyi. Ana tsinko fure da safe, a zuba a kan ruwan idon marmaro cikin kwanon gilashi, a bar shi a rana awa uku, a tace, a ƙara barasa kaɗan don kada ya lalace. Ba ciwon jiki yake warkarwa ba, zuciya yake kwantarwa. Na haɗa wa Moss kala uku: na firgita, na kewar gida, da na sabon wuri. Ɗigo huɗu nake sa masa a kwanon ruwa, in shafa ɗaya a bayan kunne. Na san za ka yi tsaki. Yi abinka, tsoho, daga nan ba na ji.

Amma ina da tambaya. Me ya faru ranar da ka faɗi? Akwai abin da ka saba yi masa wanda ni ban sani ba?

Taka,
Hester


Penrith, 25 ga Oktoba

Hester,

Ina gaishe ki da uwarki. Ki ce mata katangar tana nan, da sandar. Ƙugu na samun sauƙi, na kai ƙarshen baranda jiya.

Na karanta wasiƙarki a fili, domin ni sai a fili nake iya karatu. Percy, wani tsohon direban jirgin ƙasa da muke ɗaki ɗaya, ya yi dariya har haƙoran robarsa suka zamo. Ya ce, “Joss, karenka ya fi ka morewa. Ni shekara biyu ina roƙon nas ɗigo ɗaya ta hana ni. Tambaye ta ko tana karɓar tsofaffin direbobi, ni ma na iya kwanciya a bakin ƙofa.”

Na ce, “Rufe min baki, mai warin gawayi.”

Barasa, Hester! Gidanmu tun kakan kakana ba wanda ya kai giya bakinsa, har karnukanmu. Edwin da yana raye da ya faɗa miki. Ke kuma kin ɗauki kare mai mutunci kina ɗura masa giya da ruwan wankin fure.

Kin san ko wane ne Moss? Ɗan Fly ne. Fly 'yar Sweep ce, wanda ya kwana uku a kan tunkiyar da ta karye a kwazazzabo har aka same su. Sweep ɗan tsohuwar Nell ne, Nell kuma daga zuriyar Cap ta fito, karen ubana, wanda ya kawo tumaki ɗari biyu daga tsauni shi kaɗai cikin hazo ranar da aka haife ni. Ba ɗaya a cikinsu da ya taɓa shan fure, kuma ba ɗaya da ya mutu da ciwon zuciya.

Likitan naki na kyanwoyi ne. Kare ba ya kewa kamar budurwa. Jira yake yi. Ni yake jira. Kare ɗaya ubangida ɗaya yake da shi, in bai ci daga hannunki ba to ya nuna an yi masa tarbiyya. Ba zan ɓoye miki ba, na yi barci mai daɗi ranar da na karanta.

Kin tambayi ranar da na faɗi. Na faɗi ne, shi ke nan.

Joss


Penrith, 30 ga Nuwamba

Hester,

Da fatan lafiya. Ni ina nan.

Mako biyar ke nan ba wasiƙa. Kullum in mai kawo wasiƙu ya shigo Percy sai ya ce, “Ta gudu da shi, Joss, sun buɗe gidan giya tare.” In fushi kike don na zagi furanninki, ki yi fushinki, amma karen nawa ne, ina da haƙƙin jin labarinsa. Ko layi biyu ne.

Joss


Totnes, 5 ga Disamba

Kaka Joss,

Ka yi haƙuri. Mama ce ta kwanta da ciwon ƙirji, ina tsakanin asibiti da gida, amma ta fara farfaɗowa. Ina fatan ƙugu na ci gaba da sauƙi.

Ga hoto. Moss ya shigo cikin gida yanzu, kusa da murhu yake kwana. Kansa a kan gwiwata yake wuni in ina gida. Ya daina zama a ƙofa. Ina ci gaba da ba shi ɗigon. Zan rubuta maka da kyau in na samu kaina.

Hester


Penrith, 9 ga Disamba

Hester,

Allah ya ba uwarki lafiya. Ni ba abin da ya same ni.

Na ga hoton. Kowa ma ya gani, domin nas ta fizge shi ta zagaya da shi ɗaki ɗaki tana cewa, “Ku ga karen Mista Tallentire, ya sami uwa!” Tsofaffin mata suna ta cewa kai, abin sha'awa. Percy ya riƙe shi nesa da ido ya ce, “Wannan ne zakin da kake ba mu labari? Ai wannan matashin kujera ne. Shekara nawa kuka yi tare?” Na ce tara. Ya ce, “Ita wata biyu. Lallai furen nan da aiki.”

Shekara tara, Hester. A cikin aljihun kwat ɗina na kawo shi gida yana mako shida. Ni na koya masa hagu da dama. Hannuna ya ciza ranar da na ciro masa ƙaya, tabon yana nan ina kallonsa yanzu. A shekara taran nan bai taɓa ɗora kansa a gwiwata ba, ban kuma taɓa nema ba, domin mu ba haka muke ba. Ke kin zo da kwalabenki kin jiƙa masa ƙwaƙwalwa har ya manta sunan ubansa. Wane ɗigo ne na mantuwa? Na kewar gida kika ce. To kin kashe masa kewar, madalla, kin kashe gidan ma.

Na ce miki a waje yake kwana. Na ce ba a shafa shi. Na ce aro ne. Wanne kika riƙe a ciki? Kakanki Edwin ma haka yake. Na ara masa rago ɗaya a 1952 don ya hau tumakinsa, ya dawo min da shi ya yi ƙiba ba ya iya hawa tudu.

Wai ya daina zama a ƙofa. Kin rubuta shi kamar abin alfahari. Na karanta layin nan ya fi sau ashirin.

Zan sa Ralph ya zo ya ɗauko shi bayan Kirsimeti, ya ɗaure shi a ɗakin ciyawa. Gara ya zauna da sarƙa yana karen Tallentire da ya zauna a kan darduma yana kyanwar wata. Kuma kada ki ɗauka kin san shi don ya lashi hannunki. Akwai abin da ke tsakanina da shi wanda ba ki sani ba, ba kuma a cikin kwalba ake samunsa ba.

Joss Tallentire


Totnes, 13 ga Disamba

Kaka,

Mama ta dawo gida. Gaisuwar ke nan, ba ni da wata yau.

Ɗauko hoton nan. Sa tabarau, ka je bakin taga, ka ƙirga haƙarƙarinsa. Ana ganin bakwai. Kansa yana kan gwiwata ne domin ni nake ɗora shi in ɗura masa romo da cokali. Ya daina zama a ƙofa domin ƙafafunsa sun daina kai shi. Ranar da sanyi ya sauka na same shi a can jikinsa ya sandare, na naɗe shi a bargo na ɗauko shi kamar buhu, ko nauyin buhun ma ba shi da shi. Yanzu ma in na bar ƙofar ɗakin girki a buɗe, da ciki yake ja ya nufi shingen. Ban rubuta maka haka ba don kada in tayar wa tsoho mai karaya hankali. Ashe tsohon ba hankalinsa ne zai tashi ba, kishinsa ne.

Likita ya auna shi jiya. Ya ce kashi ɗaya cikin uku na jikinsa ya tafi. Ya ce, “In ya shiga sabuwar shekara a haka, ni da ke za mu yi wata magana, kin san wacce.” Na sani.

Na gwada furanni goma sha ɗaya. Na yarda da su, na ga abin da suka yi wa dawakan da aka ce a harbe. Suna sa shi barci, suna hana shi rawar jiki, amma ba su tashe shi ba, kuma ba na jin kunyar faɗa maka.

Na buga wa Ralph waya. Na ce ya faɗa min yadda ya sami karen. Ya ce, “Yarinya, bayan motar asibiti ta tafi da Joss na koma da yamma, na tarar da Moss kwance a tsakiyar ƙofar katangar tsauni, tumaki na gabansa ba wadda ta wuce. Na kira shi ya ƙi. Ɗaukarsa na yi. A gidana ma bakin ƙofa ya kwanta. Tambayi Joss, shi ya san me ya ce masa.”

To na tambaye ka tun Oktoba. Ka ce ka faɗi ne, shi ke nan. Yanzu kuma kana min gorin akwai abin da ban sani ba. Mene ne shi?

Ga kwalba nan na sa maka a cikin ƙunshin. Furen itacen nan ne mai ganye da ƙaya da jajayen 'ya'ya, wanda ake ratayawa a ƙofa lokacin Kirsimeti. Na masu kishi ne. Kyanwoyi nake ba wa in an kawo sabuwar kyanwa gida. Ɗigo huɗu a shayi. In barasar ce matsala ka ba Percy.

Hester


Penrith, 16 ga Disamba

Hester jikata,

Na gode Allah da uwarki ta dawo. Ni jikina lafiya. Sauran kuma ki karanta.

Na je bakin taga da tabarau. Takwas na ƙirga.

Ranar da na faɗi, tumaki nake saukowa da su daga tsauni. Na buɗe ƙofar katanga, suka shige, na juya zan rufe, dutse ya goce a ƙarƙashina. Da na ji ƙarar ƙashin na san ba zan tashi ba. Ƙofa a buɗe, tumaki ɗari da sittin suna neman komawa. Sai na sa yatsu a baki na yi wa Moss fiton kwanciya: kwanta nan, tare ƙofa. Ya kwanta. Awa biyar muna kallon juna kafin Ralph ya zo. Da suka ɗora ni a kan gadon ɗauka na suma, ban sallame shi ba.

Karnukanmu ba sa barin aiki sai an sallame su. Akwai fiton sallama, shi ne ke cewa aiki ya ƙare, taho gida. In ba a yi shi ba, kare yana bakin aiki ko shekara nawa ne, kuma kare ba ya cin abinci a bakin aiki. Moss ba kewa yake ba. Ƙofa yake tarewa. An ɗauke shi daga waccan, ya nemi wata.

Tun wasiƙarki ta farko na gane. Ina karanta haɓa a ƙasa, ido a buɗe, na san wace kwanciya ce. Na yi shiru.

Zan faɗa miki dalili, ko da yake ba shi da kyan ji. A gidanmu ba a koya wa bare fito. Kakana ya taɓa rasa kare a kasuwar tumaki, wani ya saurari fitonsa wuni guda, da yamma ya yi wa karen sallama ya tafi da shi, karen yana binsa a dunduniya kamar an haife shi a gidansa. Domin wanda ya sallami kare, shi kare ke bi gida. Tun daga nan uba ke koya wa ɗa a bayan tsauni inda ba kunne. Edwin ma ba a koya masa ba, ya mutu yana jin haushi. Ni ba ɗa, ba kowa. Na ce in na koya miki, na ba ki shi ke nan.

Kuma akwai wani abu. Tun farkon Nuwamba likita ya zaunar da ni ya ce, “Mista Tallentire, tudu ya ƙare maka.” Ba zan koma gona ba. Ralph zai karɓi tumakin. Lokacin da nake rubuta miki zancen aro da sarƙa da ɗakin ciyawa, na riga na sani. Na ga gona ta tafi, tumaki sun tafi, ƙafa ta tafi, abin da ya rage min a duniya shi ne wani kare can kudu da ke kwance saboda ni na ce ya kwanta. Na so ya ci gaba da kwanciyar. Na ɗauka zai rame kaɗan, ban ɗauka zai kai haka ba. Ko kuma na ɗauka, na ƙi dubawa.

Na faɗa wa Percy. Bai yi dariya ba. Ya ce, “Kai dai mugun tsoho ne, Joss. Ga tarho can a baranda, ta kara masa a kunne ka yi fiton, a wuce wurin.” Na ce a'a. In ya ji ni a cikin akwati zai tashi, amma ni zai nema, ya koma tsaron akwatin. Daga bakinki ya kamata ya fito.

Wannan za ta same ki Litinin. Ranar Talata da ƙarfe uku na rana zan kira ki. Kunnena ba ya jin magana a tarho, saboda haka kada ki ɓata lokaci da gaisuwa. Zan yi fiton, ki maimaita, in yi, ki maimaita, fito kam ina jinsa. Gajeru biyu ne da dogo ɗaya mai saukowa. Ki je ki yi ta gwadawa nesa da gida har ya zauna a bakinki, kada ki yi masa rabi-rabi. Ranar da za ki yi, ki kai shi bakin ƙofar shingen ki kwantar da shi inda ya saba. Ki ja baya taku ashirin. Ki yi fiton sau ɗaya, ki bugi cinyarki ta hagu, ki juya ki nufi gida. Kada ki kira sunansa. Kada ki waiwaya, ko me kika ji.

Abu ɗaya nake roƙo. Ranar Talata ki kai shi ɗakin da ya fi nisa da tarho, ki rufe ƙofofi biyu, ki kunna rediyo. Kada ya ji ni.

Kakanki,
Joss


Totnes, 27 ga Disamba

Kaka Joss,

Barka da Kirsimeti, kai da Percy. Mama ta ci abinci da kanta, tana gaishe ka.

Kwana uku na yi a cikin mota a bakin kogi, gilashi a rufe, yatsu a baki, ina tofa wa sitiyari yawu. Wani mai kamun kifi ya ƙwanƙwasa ya ce, “Baiwar Allah, lafiya? In kira miki wani?” Na ce masa darasi nake. A tarho sau goma sha tara ka sa na maimaita, na ƙirga, kuma na ji abin da ka ce a na sha biyu, ko da yake ka ɗauka ba na ji.

Ranar Asabar da hantsi na ɗauke shi na kai shi bakin shinge. Yana jin ƙasar wurin ya miƙe ƙafafu ya sa haɓa ƙasa. Na ja baya taku ashirin. Na yi fiton. Na bugi cinya. Na juya.

Ban ji komai ba. Na taka biyar, goma, ina cewa na ɓata, dogon bai sauko daidai ba. Wuyana har ciwo yake don son waiwaye. Na kai wurin igiyar shanya sai na ji wani abu ya taɓa bayan gwiwata ta hagu. Hancinsa ne. Yana tangaɗi kamar ɗan maye, ka ga ka samu abin faɗa. A haka muka shiga ɗakin girki. Ya je kwanonsa ya cinye, ya lashe, ya ɗago ya dube ni. Ni kuma na zauna a ƙasa na yi abin da ka ce Kaka Edwin ya yi a 1947.

Yau kwana huɗu yana ci. Likita ya ce a riƙa ba shi kaɗan kaɗan. Ina nan ina sa masa ɗigonsa, kuma ko me za ka ce, ni na san su suka riƙe shi har fiton ya iso.

Ban gama jin haushinka ba. Amma in ya yi ƙwari, ina so in kawo shi Penrith lokacin bikin Ista ka gan shi. Na tambaya, an ce ana barin karnuka su shiga lambun gidan.

Jikarka,
Hester


Penrith, 3 ga Janairu, 1995

Hester jikata,

Barka da sabuwar shekara, ke da uwarki. Na bar abin dogarawa na koma sanda, tawa ta gida, Ralph ya kawo min.

Na karanta wa Percy wasiƙarki. Da na kai wurin igiyar shanya sai murya ta ƙi, ya karɓa ya ƙarasa. Ya ce in gaya miki shi ya shanye rabin kwalbar, kuma tun daga ranar bai yi kishin kowa ba. Ɗaya rabin kada ki tambaya. Abin da zan ce kawai, ba ta aiki a kan Tallentire.

Dogon naki yana saukowa da wuri, na ji a tarho. Amma tunda ya karɓa, haka fiton yake daga yau.

Ki nemi mai tumaki a kusa da ku, ko goma ne, ki roƙa a bar shi ya riƙa zagaya su in ya yi ƙwari. Sauran fiton guda shida ne, zan koya miki ɗaya ɗaya, kowace Talata. Zancen murhu da darduma kuma na bar miki, ba na son sani.

Ista ki zo, ina son in ga fuskar da ta yi min rashin kunya haka. Amma ki zo ke kaɗai. Na yi ta juya abin. In ya gan ni ya sheƙo, to na rushe abin da kika gina, ranar da za ku tafi sai an ɗauke shi, ya je ya sami wata ƙofar. In kuma ya gan ni ya kaɗa wutsiya ya tsaya a dunduniyarki, daidai ya yi, haka aka koya masa, amma ni ba zan iya tsayawa a lambu gaban Percy da tsofaffin mata in kalli wannan ba. Ban kai nan ba tukuna, wataƙila ba zan kai ba.

Ki dai riƙa rubutowa. Me ya ci, ina ya je, wa ya yi wa haushi. In wata rana kika gan shi ya tsaya haka kawai ya ɗaga hanci yana shaƙar iskar arewa, ko sau ɗaya ne, ki faɗa min.

In bai taɓa yi ba, kada ki faɗa min.

Kakanki,
Joss